Yadda Aka Auna Shugabancina da Igiyar Bature

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa zai kwashe sauran abin da ke kaina, da ranar da na sa aka auna ni da igiya a bainar jama'a. Ni na nemi a yi awon, ni na sa rana, ni na gayyato 'yan kallo. Shi ya sa har yau in jikokina suka tsokano zancen, ba ni da wanda zan ɗora wa.

Lokacin ba a daɗe da zuwan Nasara Sakkwato ba. Hankalin mutane ya fara kwanciya, kasuwa ta koma ci, Turawa kuwa sun duƙufa gine-gine a bayan ganuwa, inda suka kafa barikinsu. Ni magini ne, ɗan magini, jikan magini. Gidanmu a Ƙofar Rini yake, kuma da mahaifina ya rasu ni na gaji jama'arsa: masu kwaɓa ƙasa, masu yin tubali, masu jefa shi sama, masu hawa bango, masu yaɓe. Wasu sun girme ni, wasu tare muka yi wasan ƙasa, amma duk "Maigida" suke kirana. Ba yabon kai ba (to, yabon kai ne, amma gaskiya ce), daga Ƙofar Rini har Ƙofar Marke in ka ga soron da damina ta yi ta duka bai ko tsage ba, tambaya, za a ce maka hannunmu ne.

Sai aka ba mu aikin katangar da za ta kewaye wani sabon ofis. Baturen da ke kula da aikin dogo ne mai jan wuya. Ba wanda ya iya faɗin sunansa, don haka muka sa masa Mai Igiya, saboda kullum yana tafe da igiyar awo a naɗe cikin aljihu. Komai sai ya auna. Tushe ya auna, ƙofa ya auna, tubali ya auna. An ce har jakin da ke kawo mana ruwa ya taɓa ɗora wa igiyar (ban gani ba, amma ban musa ba).

Ni kuma ga yadda nake aikina, yadda na ga mahaifina yana yi. Da sassafe in zo in zaga wurin. In tsokani ƙasar da aka kwaɓa da babban yatsan ƙafata, in debo kaɗan in sansana. In matsa tubali in ji ko cikinsa ya bushe. In tsaya gindin bango in rufe ido ɗaya in dubi miƙewarsa. In yi faɗa inda ya kamata, in raba aiki, sannan in koma gindin wata tsamiya in shimfiɗa buzuna in fasa goro. Daga nan sai wanda ya sami matsala ya zo ya same ni.

Mai Igiya bai ga zagayen safe ba, don ba ya fitowa sai hantsi. Abin da ya gani kullum shi ne ƙaton mutum cikin babbar riga a inuwa yana tauna goro, alhali mutane na zufa a rana.

Wata rana ya nufo tsamiyar tare da tafintansa, Malam Buhari, wani natsattsen mutum da ya iya tausasa maganar Bature kafin ya miƙo maka ita. Amma wannan karon ko tausasawar ba ta yi aiki ba.

"Ya ce in tambaye ka," in ji Malam Buhari yana kallon ƙasa, "shin wane aiki kake yi a nan?"

"Ni ne shugabansu."

Ya juya ya faɗa masa. Bature ya yi magana mai tsawo yana nuna masu aiki da bulalarsa.

"Ya ce ya auna aikin kowa. Mai kwaɓi ya san yawan ƙasar da ya kwaɓa. Mai hawa bango ya san kamu nawa ya ɗora. Kai kaɗai ne bai sami abin da zai auna ba. Ya ce yana da wani helma, wato shugaban leburori, da ya yi masa aiki a kudu, zai aika a kawo shi, a raba mutanenka cikin leburorinsa."

Ka ji abin da ke gabana. Jama'ar da kakana ya tara, mahaifina ya riƙe, a watsa su a hannuna, a sa su ƙarƙashin baƙon da bai san jar ƙasar Sakkwato ba. Sunan gidanmu ya mutu ke nan, in koma abin nuni a unguwa. Da mai hankali ne, da ya ce a ba shi lokaci ya yi shawara. Ni kuwa sai na miƙe na kakkaɓe riga.

"Malam, hwaɗa mai, tunda awo shika so, a yi awo. Ga katangar gabas, ga ta yamma, tsawonsu ɗaya, duk an kai su ƙugu. A raba mutanena biyu. Rabi su yi gabas ina kansu, rabi su yi yamma ba shugaba, ko kallonsu ba ni yi. Ran Alhamis ta sama shi zo da igiyatai. In bai ga bambanci ba, ni da kaina nika naɗe buzuna."

Da aka fassara masa, sai na ga idon Mai Igiya ya yi haske kamar an ba yaro alewa. Ya miƙo mini hannu muka gaisa. Ya ce wannan ita ce magana mai ma'ana ta farko da ya ji daga gindin tsamiyar nan.

Yanzu ga inda zan sunkuyar da kai kaɗan. Ni na yi rabon mutanen. Duk wani ƙarfaffa, duk wani mai zafin nama, duk wanda in ya jefa tubali sai ya wuce kan bango, na ja shi gabas. Yamma kuwa na tura musu Baba Labbo, aminin mahaifina, wanda gwiwoyinsa suka daina yarda da tsani. Na tura musu masu tari da masu ciwon baya. Na kuma tura musu Arzika, wani magidanci mai iya yaɓe amma mai surutu kamar kanari, wanda na tabbata shi kaɗai ya isa ya hana mutum goma aiki. (Na gaya wa kaina cewa wannan adalci ne, tunda ai ba a ce kada in zaɓa ba.)

Baba Labbo ya ja ni gefe. Shi kaɗai ke da ikon yi mini magana yadda ya ga dama.

"Ɗana, mi kaka nema ga wanga abu?"

"Baba, so nika shi gane ba a gini ba shugaba."

"To. Amma ka tuna ƙasa ba ta san an yi gardama da Bature ba."

Na ce na ji. Ban ji ba.

Washegari na bar tsamiya, na bar buzu, na tsaya kan mutanen gabas tun daga fitowar rana. Na ɗauko makaɗi da kalangunsa don ya zuga su. Na yi ta ihu har muryata ta dushe. Abin da na sani tun ina yaro shi ne, in an ɗora sahun tubali aka lulluɓe shi da ƙasa, sai a bar shi ya sha iska ya kama jikinsa kafin a ɗora wani. Ita ma ƙasar sai an kwaɓa ta da ciyawa an bar ta ta kwana ta nuna. To a makon nan duk na yi watsi da wannan. Sahu na ɗanye na ce a ɗora wani. Busasshen tubali ya ƙare na ce a kawo na jiya. Ƙasa ba ta nuna ba na ce ai zafin bazara zai gyara. Wani daga cikin masu hawa bango ya leƙo daga sama ya ce, "Maigida, bangon ga da taushi hwa."

"Kai aka tambaya ko ni? Ɗora!"

Ya ɗora. Abin da ya fi ba ni mamaki yanzu shi ne, duk sun san ba daidai ba ne, amma tunda ina tsaye a kansu ba wanda ya ƙara tankawa. Kowa ya ajiye kansa ya ɗauki nawa.

Katangar gabas ta yi ta tashi kamar gero a damina. Na yi alkawarin ba zan dubi yamma ba, kuma na cika (sai dai ta wutsiyar ido, wadda ba ta cikin alkawari). Abin da nake hangowa yana sanyaya mini rai: tasu na tafiya a hankali, wani lokaci ma sai in ga sun taru wuri ɗaya sun daina aiki, can sai in ji sun fashe da dariya. Kullum haka. Dariya da safe, dariya da azahar. Na ce a raina, Arzika na yi mini aiki.

Da na ga nasara ta tabbata, sai na ga ai bai kamata a yi wannan abu a ɓoye ba. Na gaya wa mutanen unguwa. Na gaya wa maginan wasu ƙofofin, musamman waɗanda ba sa ƙaunata. Sannan na yi babbar: na je Ƙofar Atiku na gayyato surukina, Malam Jabbi.

Sai na yi bayani a nan. Malam Jabbi malami ne ɗan malamai, mutum mai kwarjini wanda ban taɓa iya haɗa ido da shi ba. Ya ba ni 'yarsa Ige da hannunsa, bai taɓa yi mini gori ba, amma kullum ina jin kamar a ransa yana cewa da ma almuhajiri mai tawada a yatsa ya samu, ba mai laka a farce ba. Na daɗe ina neman ranar da zai gan ni cikin girmana. Na durƙusa a zaurensa na ce, "Allah shi gafarta Malam, in da hali, ran Alhamis akwai wani ɗan awo da za a yi a bariki."

Ya ce, "In Allah ya yarda."

Da na koma gida na gaya wa Ige, sai ta ajiye muciya ta dube ni.

"Maigida, Baba ka gayyata? Wurin gini?"

"Wurin nasara dai."

"To, Allah shi sa. Ni dai tun da nike ban taɓa ganin ka dawo gida ba murya ba sai wanga mako."

Ran Alhamis na sa sabuwar rigata mai aska, wadda na ajiye don Sallah, da wani ƙaton wando buje mai aiki a ƙafa, na naɗa rawani. Kafin hantsi wurin ya cika. Aka shimfiɗa wa Malam Jabbi tabarma a gindin tsamiyata. Mai Igiya ya iso da Malam Buhari, ya zaro igiyarsa.

Yamma ya fara aunawa. Katangarsu ta ɗan wuce tsayin mutum, ba wani abin a zo a gani. Baba Labbo da mutanensa suna tsaye gefe, hannu a baya. Sannan ya zo gabas. Sai da aka kawo masa tsani. Ya hau, ya saki igiya, ya sauko, ya sake hawa ya sake aunawa, kamar bai yarda da idonsa ba. Ya yi magana.

"Ya ce ta gabas ta fi ta yamma tsayi da kusan kamu uku," in ji Malam Buhari da ƙarfi don kowa ya ji. "Ya ce igiya ba ta ƙarya. Shugaba na da amfani."

Jama'a, ku lura da kyau: a nan na ci. An gama. Bature ya yarda, makaɗi ya saki kalangu, mutanen unguwa suna ta sowa. Da na tsaya a ƙasa na yi godiya na raka surukina gida, da labarin ya ƙare ke nan.

Amma makaɗin nan ya shiga kirarin gidanmu, yana kiran kakana yana kiran mahaifina, kaina ya yi ta kumbura har rawani ya matse ni. Na ga ai mutane na can baya ba sa ganina sosai. Na tattare riga na kama tsani.

Na ji Baba Labbo daga nesa yana cewa, "Maigida! Kak ka hau!"

Na ɗauka hassada ce.

Na hau har ƙoli. Maimakon in zauna in raba ƙafa kamar yadda kowane magini ke yi, sai na miƙe tsaye. Daga can na hango ganuwa, na hango rufin soraye, na hango surukina ya ɗaga kai yana kallona. Na buɗe hannuwa rigar ta baje, na gyara abin da ya rage na muryata na ce, "Jama'a, wanda duk ke tambayar aikin shugaba, to shi dubi..."

Sai na ji ƙafata ta dama tana nitsewa.

Ba faɗuwa bangon ya yi farat ɗaya ba, da ma haka ne da ya fi mutunci. A hankali ya yi. Ya fara yin ciki daga tsakiya, kamar mai numfashi. Na ji wani ɗan ƙara kamar an yaga tsohon zane. Mutanen da ke ƙasa suka watse, makaɗi ya jefar da kalangu ya yi ta kansa. Ni kuwa ina sama ina kaɗa hannuwa kamar zakaran da aka kama a ƙafa. Sannan saman katangar ya zame gaba ɗaya, da ni a kai, muka yi waje.

A wajen katangar akwai ramin kwaɓi, inda muke jiƙa ƙasar yaɓe da ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, da kashin doki. (Wanda bai san warin wannan haɗi ba bayan ya kwana biyu a zafin bazara, ya gode wa Allah.) Kafin in isa ramin, wata azara da muka kafa don tsayawar masu aiki ta kama ƙafar wandona. Na rataya na ɗan lokaci kai a ƙasa, riga ta rufe mini fuska. Sai na ji zariya ta tsinke. Na sulluɓe daga cikin wandon kamar an feɗe akuya, na faɗa ramin, tsulum.

Da na ɗago kai na share ido, abu na farko da na gani shi ne wandona yana lilo a kan azara. Na biyu shi ne jama'ar Ƙofar Rini da na gayyato da bakina, sun zagaye ramin. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, ni ma ko ƙwarzane ban yi ba. Amma a lokacin da an ba ni zaɓi, da na zaɓi karaya, don mai karaya tausayinsa ake ji.

Rigar Sallah ta naɗe mini a wuya ta yi nauyi kamar jaki, ba yadda za ta sauka ta rufe abin da ya kamata. Na ƙi fitowa. Na zauna cikin laka zuwa ƙirji ina tunanin ko zan iya ƙarasa rayuwata a nan.

Sai na ga jama'a suna darewa. Malam Jabbi ne. Ya zo bakin ramin, fuskarsa na kallon gabas kamar akwai abin da yake nema a sama, ya cire mayafin da ke kafaɗarsa ya miƙo hannu baya.

"Ku ba shi," ya ce. "Kowa shi juya."

Kowa ya juya, har Mai Igiya, da Malam Buhari ya raɗa masa. Na fito na ɗaura mayafin surukina kamar mai shirin wanka.

Na so in sulale, amma Bature bai gama ba. Ya koma katangar yamma, wannan karon ba da igiya ba. Ya dafa ta ya tura da kafaɗa. Ya sa wani ƙato ya hau ya yi tsalle a kai. Ko gezau. Ya dawo ya tsaya gaban Baba Labbo.

"Ya ce wa ya shugabance ku?" in ji Malam Buhari. "Ya ce kada ku ɓoye, shi yake so ya ba aikin."

Na ce shi ke nan, gidanmu ya tashi.

Baba Labbo ya ɗaga sandarsa ya nuna ni, ina tsaye ina ɗigar makuba.

"Shi."

"Baba, ai bai zo wurinku ba," in ji Malam Buhari.

"Awo, haka ne, bai zo ba. Ranar hwarko munka yi ta gardama, kowa na jan nashi. Wanga shi ce a ɗora, wancan shi ce a bari. Sai Arzika ya ce, to ku tsaya, bari in kira muku Maigida. Tun daga ran nan, duk abin da ya shige muna duhu, sai mu taru mu ce Arzika shi kira shi."

Malam Buhari ya fassara. Bature ya ɗaure fuska, bai gane ba. Ya ce a nuna masa.

Arzika ya dube ni, ya dubi ƙasa. "Maigida, ka yi mini aikin gafara."

Sai kawai na ga mutumin nan ya tura ciki gaba, ya goya hannu a baya, ya cusa wani abu a kumatu kamar goro. Ya yi gyaran murya irin nawa, mai hawa biyu. Ya taka a hankali yana buɗa ƙafa zuwa wani tulin ƙasa, ya tsokane shi da babban yatsa, ya debo ya sansana, ya yamutsa fuska. Sannan ya buɗe baki, sai na ji muryata ta fito daga cikinsa.

"Wa ya kwaɓa wagga? Ku bar ta ta kwana! Mai gaggawa shi tai shi gina wa kaji!"

Ya matsa gindin bango ya rufe ido ɗaya, ya karkata kai.

"Ɗanye bisa ɗanye? Kuna so a ce gidanmu ya kashe mutum? Ku sauko, ku sha ruwa, bango ba gudu shikai ba!"

Sannan ya ja da baya, ya yi kamar yana kakkaɓe buzu, ya zauna da nishi, irin nishin da ban san ina yi ba sai ran nan.

Wurin ya kece. Waɗanda suka daure lokacin da na faɗa rami, yanzu suka saki. Mutanen gabas da na yi mako ina yi wa ihu har da riƙe ciki. Mai Igiya ya yi dariya har wuyansa ya ƙara ja, ya zauna kan tulin tubali yana share hawaye. Na saci kallon Malam Jabbi, na ga ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa.

Ashe dariyar da nake ji kullum daga yamma ke nan. Ashe shekara da shekaru suna yi a bayana. Kuma abin da ya hana ni fushi, ina tsaye cikin mayafin aro, shi ne duk abin da Arzika ya faɗa daidai ne. Ba kalma ɗaya da ya ƙara. Maganata ce, wadda na karɓa daga mahaifina, na yi ta maimaita musu har na ɗauka ba sa ji. Masu tari da masu ciwon baya sun riƙe ta sun gina katangar da ko giwa ta jingina ba za ta motsa ba. Kunya na cina, amma wallahi wani daɗi na ratsa ni ta ƙarƙashinta.

Da Bature ya huce, ya yi magana da Malam Buhari suna ta nuna gabas da yamma. Malam Buhari ya juyo, shi ma yana danne murmushi.

"Ya ce awon ya ɓaci. An yi za a gwada bango mai shugaba da bango mara shugaba, to ga shi duka biyun kai ka gina su, bai san wanne zai sa a lissafinka ba. Ya ce ba zai kawo helma ba. Amma da sharaɗi: ka koma gindin tsamiyarka."

Na ce, "Hwaɗa mai na yarda. Amma ni ma da nawa sharaɗi. Abin da ya rage na katangar gabas, duk abin da anka ɗora cikin makon ga, a rushe shi yau, kahin shi hwaɗo bisa ɗan wani."

Ya gyaɗa kai. Ban tafi gida ba sai da aka fara rushewar, ni na fara sa hannu, da mayafina da komai. Na kuma tara mutanen gabas na ce musu daga yau duk wanda ya ga bango da taushi ya faɗa, in na ce ya ɗora ya ƙi, ko ni ne a kansa. Wanda ya leƙo ya gaya mini tun farko, a gaban kowa na ba shi haƙuri.

A hanyar komawa gari na bi bayan Malam Jabbi daga nesa, wandona a naɗe a hammata. Da muka kusa rabuwa ya tsaya ya jira ni. Na durƙusa.

"Na san malamai," ya ce, "waɗanda in sun yi tafiyar kwana biyu sai makaranta ta watse. Mutumin da jama'arsa ke aiki da maganarsa ba ya nan, ya yi abin kirki. Allah shi yi ma albarka." Ya dubi mayafin da ke ƙuguna. "Mayafin ka riƙe. Ba na jin zai koma yadda yake."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ya taɓa yi mini, kuma da ita nake taƙama har yau. Ige kuwa labari ya riga ni isa gida. Ta ɗora mini ruwan wanka, sai da na shiga makewayi na ji ta a tsakar gida tana gyaran murya mai hawa biyu. Ashe ita ma ta iya.

Muka gama aikin katangar ofishin kafin ruwan farko, aka ƙara mana wasu. Jama'ata ba ta watse ba, ƙaruwa ma ta yi. Arzika daga baya na sallame shi da albarka ya kafa tasa ƙungiyar, kuma an ce har ya tsufa in zai yi wa mutanensa faɗa da muryata yake yi, don ta fi tasa shiga kunne.

Abin da na koya, in matasan shugabanni za su karɓa daga bakin wanda ya sha makuba, shi ne: in kana son sanin nauyinka a wurin aiki, ka tafi ka ba da baya, ka dawo ka ga abin da aka yi. In ya yi kyau, ka yi murna a zuciyarka ka yi shiru. Kada ka ɗauko makaɗi, kada ka gayyaci surukinka, kuma duk yadda aka zuga ka, ka yi jawabinka daga ƙasa.